W Ɗin Malam Ɗigo

A gidanmu ba a son fanka ta tsaya da rana. Sauran mutane idan aka ɗauke wuta tsaki suke ja, su zagi masu lantarki, su nemi mafici. Mahaifina kuwa zumbur yake miƙewa, ko da loma ce a hannunsa, ya lalubo waya ya kira mijina, kuma ba ya zama sai ya ji muryarsa. Shekara huɗu ke nan muna haka. Ba mai yi masa dariya, don duk mun san mafarin abin. Ni na fi kowa sani, saboda da hannuna a ciki.

Malam Ɗigo ake ce masa a wurin aiki. Mai zane ne, amma ba irin masu zana fuska ko fure ba. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa yake zanawa: bututun ruwa, kebul ɗin wuta, magudana, wayar tarho, duk abin da aka binne a gefen titi aka manta da shi. Masu awo su je su auno su kawo masa lambobi, shi kuma ya mai da su layuka a takarda, don wanda zai haƙa ƙasa gobe ya san inda zai sa ƙarfensa da inda zai kauce. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ofis guda, a bene, saman wani shagon fenti. Teburinsa na kallon taga, fankar silin na kaɗawa a bisa kansa da wata 'yar ƙara kamar ana taunar tsakuwa.

Sunan ya samo asali tun zamanin allo da tawada. Wani babban injiniya ne ya miƙo masa zane ya sa hannu, Baba ya duba ya mayar masa, ya ce akwai ɗigo guda da ya ɓace tsakanin layi da layi. Mutumin ya ce, "Haba malam, ɗigo ɗaya ne fa." Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗigo ma magana ne." Daga ranar sunan ya bi shi, har masu shagon fenti ba su san yana da wani ba.

A gida ma haka muka sha fama. Inna takan ce ko igiyar shanya zai ɗaure sai ya auno ta, kuma da gaskiyarta, don na taɓa ganinsa ya sauke kalandar bango sau uku saboda ta karkace da abin da bai kai faɗin farce ba. Ni dai ban gado shi ba. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to ni har yau rarrafen nake yi. Zafin zuciya gare ni da gaggawa, kuma duk wanda ya san ni ya san haka.

Ina 'yar shekara sha ɗaya aka kawo musu kwamfuta. Abokan aikinsa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce idonsa, wancan ya ce bayansa. Baba ya ja kujera ya zauna, da yatsu biyu yake danna haruffa, sai da ya ga bayan manhajar zanen nan. Abu ɗaya ne ya dame shi. Layukan da suka zo a cikinta, masu tsinke-tsinke da masu ɗige-ɗige, ba wanda ya yi masa. Rannan sai ya gano ashe layukan duk wani ɗan fayil ne na rubutu, wanda mutum zai iya buɗewa ya ƙara nasa. Ya dawo gida bakinsa har kunne, ya kira ni tsakar gida da guntun alli a hannu.

"Uwata, zo ki ga abin mamaki." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. "Ashe layi ba komai ba ne sai umarni. Ki fara sa tauraro, ki raɗa masa suna. A ƙasa sai lambobi, waƙafi na raba su. Lamba zalla, kin ce wa alƙalami sauka ka yi tafiya kaza. Lamba mai alamar ɗebewa, kin ce ɗaga ƙafa ka tsallake kaza. Sifiri kuwa, taɓa ƙasa ka ɗaga, ɗigo ke nan. In kina son harafi ya hau kan layin, sai ki sa shi cikin baka. Shi ke nan, ita za ta yi ta maimaitawa har inda layin ya ƙare."

Ya sa ni na zama alƙalamin. In ya ce uku in yi taku uku ina jan ƙafa, in ya ce a ɗebe ɗaya in yi tsalle, in ya ce sifiri in dangwala babban yatsa. Inna na daga ƙofar kicin tana cewa, "Oh ni, an rasa abin da za a koya wa yarinya sai tsallen kwaɗo."

Amma ba don wasa ya ƙagu da yin nasa layukan ba. Shekarun baya wani lebura ya kai diga kan kebul, hannuwansa biyu suka ƙone. Zanen daidai yake, sai dai haruffan da ke kansa na yaren da injiniyoyi suka yi karatu da shi ne, shugaban leburorin kuma bai gane su ba. Baba ya je dubiya asibiti, ya dawo ya kwana biyu ba ya iya cin abinci. Don haka da ya samu dama sai ya yi layukansa da Hausa. Na ruwa ya ɗora masa R, na magudana M, na tarho T, na wuta kuma W, tana hawa kan layin bayan kowane tsinke biyu. Cewarsa, wanda zai haƙa shi ya kamata ya gane, ba wanda ke zaune a inuwa ba.

Abin ya yi aiki kuwa. Shekara da shekaru, duk shugaban leburorin da ya buɗe takarda ya ga harafin zai ce, "W ɗin Malam Ɗigo ce, a ja da baya." A kusurwar dama ta ƙasan kowace takarda kuma Baba na sa ɗan akwati mai bayanin kowane layi a yare biyu. A ofis mabuɗi muke ce masa. Sau ɗaya wani tsohon injiniya ya taɓa yi masa hannunka mai sanda, ya ce, "Malam, ka san dai a yaren makarantarmu sunan ruwa ne yake farawa da W." Baba ya ce, "Shi ya sa na sa mabuɗi. Wanda ba zai karanta mabuɗi ba, me ya kai shi buɗe takarda?" Aka yi dariya aka wuce wurin.

Da na gama makaranta ya samo mini aiki a ofishin, a kan babban injin da ke buga zanen. Dokokinsa biyu ne kacal: kada a rage ma'aunin zane don ya shiga takarda, kuma kada takarda ta fita ba mabuɗi. A nan na haɗu da wanda na aura, direban katafila ne da yakan rako maigidansa karɓar takardu. Baba bai hana ba, amma bai yi murna ba. Ya ce wa Inna shi duk rayuwarsa adana abin da aka binne yake yi, ga shi an kawo masa mai tonewa. Har muka shekara tara da aure, da 'ya'ya uku, bai taɓa yi masa rashin mutunci ba, amma bai taɓa kiransa da komai ba sai "direba". "Direba, an wuni lafiya?" "Direba, a ci abinci mana." Shi kuwa bawan Allah ganin Baba yake kamar ba ya kuskure. Yakan ce zanen Baba ko ido rufe zai haƙa a kansa.

Sai dai direban katafila ba ya ganin takarda. Injiniya ne ke karantawa, ya sa a bi ƙasa da fenti, shuɗi inda ruwa yake, ja inda wuta take. Direba fenti yake bi.

Ranar wata Litinin muka tashi da faɗa ni da Baba. Babbar takardar injin ta ƙare, sai mai ƙaramin faɗi ta rage, alhali mako guda ina cewa a sayo. Ya ce da na rubuta masa a takarda da bai manta ba. Na ce ashe magana ma sai da mabuɗi. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ɗauki hularsa ya tafi asibitin ido inda aka ba shi rana.

Bai daɗe da fita ba wani baƙon injiniya ya hawo bene, makullin mota na lilo a yatsarsa. Kamfaninsu daga nesa ya zo, su aka ba aikin faɗaɗa titin da ya wuce ta gaban makarantar firamare, kuma su suka ɗauki hayar katafilar da mijina ke tuƙawa. Zanen titin yake so, yanzu-yanzu. Na ce takardar ba za ta ɗauke shi duka ba, ya dawo gobe.

"Hajiya, gobe zan shafa fenti," ya ce. "Ki buga mini yadda ya samu. Titin kawai nake so, ba adon gefe ba."

Da a ce raina ba a ɓace yake ba, da na ce ya jira. Amma zuciya ta ɗebe ni. Na ce a raina, tunda ba a sayo takarda ba, kowa ya ɗauki abin da ya samu. Ban rage ma'auni ba, wannan dokar na kiyaye ta. Gefen dama na bari a waje. Takardar ta fito tsaf, titi da layukansa duk suna nan, mabuɗi ne kawai babu. Ya nannaɗe ya sauka yana godiya, ni kuma kafin azahar na manta da shi.

Laraba da safe mijina na ɗaure igiyar takalminsa a bakin ƙofa, ni ina neman safar autanmu a ƙarƙashin kujera, ya ce, "Yau wani mataccen bututun ruwa za mu fizge, na jikin katangar makaranta. Tun jiya aka shafa mana shuɗi. An ce zanen Baba ne, don haka hankalina kwance." Na ce Allah ya ba da sa'a, ko ɗagowa ban yi ba. Ni buga zane nake yi, ba karanta shi ba, ɗaruruwa ke wucewa ta hannuna.

Wajen ƙarfe goma na haɗa wa Baba shayi na kai masa, don kwana biyu muna 'yar tsama kuma na gaji. Na rasa da me zan buɗe hira, sai na ce, "Yau surukinka a kan zanenka yake aiki. Wai bututun ruwan jikin katangar makaranta za su cire."

Kofin ya kusa kai bakinsa, ya tsaya. Ya mai da shi kan tebur a hankali.

"Jikin katanga ya ce?"

"Haka ya ce."

"Ba ruwa a jikin katangar nan, Uwata. Mataccen bututun a tsallaken titi yake."

Ya juya ga kwamfuta ya buɗe zanen. Ya yi ta matso da shi har layin da ya bi jikin katangar ya cika fuskar kwamfutar. Tsinke, tsinke, W. Tsinke, tsinke, W. Layin da na yi tsallensa ina yarinya.

"Wannan babban kebul ne," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Shi ke ba unguwar nan duka wuta, har fankar nan. Wane launi aka shafa?"

"Shuɗi."

"Baƙi ne. Sun karanta ta da yarensu." Ya juyo ya dube ni. "Amma ai da mabuɗi. Wa ya buga musu?"

Na ce, "Ni ce. Takardar ba ta kai ba, Baba. Ba mabuɗi."

Bai yi faɗa ba. Wallahi da ya mare ni da na fi jin daɗi. Waya kawai ya miƙo mini ya ce in kira mijina. Ta yi ta ƙara har ta katse. Na san dalili, in ya tayar da inji yakan jefa ta cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin kujera, ko aradu aka yi ba zai ji ba. Na sake kira sau huɗu. Baba ya kira lambar da injiniyan ya bari, aka ce a kashe take. Ya kira masu lantarki don su katse layin, aka bar shi yana sauraren wani kiɗa. Duk wannan lokacin idonsa na kan fankar silin.

"Muddin tana juyawa, bai taɓa kebul ɗin ba," ya ce. "Tashi mu je."

Tsohuwar motarsa ba ta taɓa sanin gudu ba. Mutum ne da masu keke ke wuce shi suna waiwayowa. Ran nan ya fizge ta har ƙofar da ke gefena ta buɗe, na janyo ta. Ya ce, "Ni zan kalli hanya, ke ki kalli wuta. Duk abin da kika gani yana ci, faɗa mini."

Haka muka tafi. Na ce ga kwan shagon magani a kunne. Ya ce to. Na ce ga talabijin ɗin mai aski na yi. Ya ce to. Na ce ga injin niƙa na ƙara. Ban taɓa sanin garin nan na cike da ƙananan fitilu da rana tsaka ba sai ranar. Kowace na gani sai in ji kamar an ce mini yana nan da ransa. Tsakanin fitila da fitila ina ta kiran wayarsa, ina jin haushinsa kamar in kama shi da duka. Wane irin mutum ne zai binne waya a akwati? Sai in tuna wa ya yanke mabuɗin, in haɗiye.

Da muka kusa, muka tarar da cunkoso, don aikin nasu ya cinye rabin titin. Motoci sun yi cirko-cirko a mahaɗar ƙarshe, ana ta oda. Daga nan ina hango rufin makarantar, ina hango hannun katafilar ya ɗaga sama ya sunkuya, ya sake ɗagawa. A gefenmu wani mai walda na durƙushe kan ƙofar ƙarfe, tartsatsi na tashi. A gabanmu danja ta nuna ja. Na ƙura mata ido ina roƙon Allah, ban taɓa son jar danja ba sai ranar.

Sai na ji wani ƙara daga can gaba, kamar an buga ƙaton ƙyaure da ƙarfi. Danja ta mutu. Ba ja, ba kore. Tartsatsin mai walda ya ɗauke, ya ɗaga gilashin fuskarsa yana duban waya a kan turke.

Baba ya buɗe ƙofa ya fita, ya bar motar a tsakiyar titi da makulli a jiki. Mutum mai shekara sittin da takalmin ofis, amma ban cim masa ba sai a bakin ramin.

Hayaƙi ke fitowa daga ciki, da wari kamar na ƙonanniyar taya. Leburori sun watse, wasu sun haye katanga. Hannun katafilar na cikin ramin har yanzu, haƙoranta a cake. Mijina na sama a mazauninsa, da ransa. Na ga yana motsi, na yi hamdala. Ya buɗe ƙofa, yana layi kamar wanda aka tasa daga barci. Hannunsa ɗaya na riƙe da ƙarfen ƙofar, ƙafa ɗaya a kan matakala, ɗayar yana laluben ƙasa da ita.

Na yunƙura zan ruga in tare shi, Baba ya damƙe wuyan hannuna, sai da shatin yatsunsa ya kwana uku. Ya ɗaga murya irin wadda ban taɓa sanin yana da ita ba.

"Ɗana! Kar ka sauko! Ɗana, koma ciki!"

Mijina ya ɗago yana kallonmu, da gani bai fahimci komai ba. Baba ya sake ni, ya ɗaga hannu biyu yana tura iska, yana nuna masa ya koma. Ga sauran mutane kuma ya juya yana ihu, "Kowa ya ja baya! In wuta ta katse sukan sake turo ta su gwada! Kar wanda ya taɓa motar!"

Ƙafar na reto, tsakaninta da ƙasa bai fi taki ɗaya ba. Shekara tara mutumin nan bai taɓa yi wa Baba musu ba, har nakan yi masa gori a kai. Ran nan ma bai yi ba. Ya janye ƙafar, ya saki ƙarfen, ya koma ya zauna.

Ban ƙirga goma ba ramin ya sake bugawa. Wani haske mai shuɗi-shuɗi ya tashi har ya fi rana, ƙasa ta girgiza a tafin ƙafata, yaran makaranta suka kwashe da kururuwa a bayan katanga. Da ƙafarsa na ƙasa hannunsa na kan ƙarfe, da ta jikinsa wutar za ta bi. Wannan ba sai an yi mini bayani ba.

Awa ɗaya da rabi muka yi kafin masu lantarki su zo su tabbatar sun kashe layin. Duk tsawon lokacin yana zaune a sama, hannuwansa a kan cinya kamar ɗan makarantar da aka sa a gaba. Baba na tsaye a rana bai nemi inuwa ba, yana kallon shuɗin fentin da aka ja a jikin katanga, miƙaƙƙe sarai, daidai inda ya zana.

Injiniyan ya iso a guje da takardata a hannu. Ya buɗe ta a gaban Baba yana nuni da yatsa. "Malam, duba fa. W ce. Ga ta nan, W ce."

Baba ya karɓa ya duba. "W ce, ba ka yi ƙarya ba."

Na ce, "Ni na yanke mabuɗin. Laifina ne."

"Yi shiru, Uwata," ya ce. "Layin da sai an je kusurwa an tambayo ma'anarsa, tun farko bai yi magana ba. An faɗa mini, na ƙi ji. Gudun gara na yi na faɗa gidan zago."

Na so in yi masa gardama kamar yadda na saba, amma kuka ya ci ƙarfina. Har yau ban yarda da shi ba. Shi ya ce nasa ne, ni na ce nawa ne, kuma ba wanda ya sakar wa wani.

Mijina ya fita ba ƙuna ko ɗaya, sai dai kunnensa na hagu ya tafi ke nan. Ya mai da abin wasa, wai yanzu in na fara faɗa sai ya juyo mini da wannan ɓangaren ya huta. Kwana biyu bayan abin, muna zaune, na ce masa, "Ka ji dai abin da Baba ya kira ka ran nan." Ya ce me? Na faɗa masa. Ya ce, "Da gaske? Wallahi ban ji ba. Bakinsa kawai na ga yana motsi." Shekara tara yana jiran kalmar nan, ta zo daidai lokacin da kunnensa ya toshe. Na tashi na shiga ɗaki don kada ya ga fuskata.

Washegarin abin Baba ya je ofis ya buɗe ɗan fayil ɗin nan. Ya goge W daga cikin baka, ya rubuta WUTA cikakkiya, ya biyo ta da kalmar injiniyoyi, ya ƙara alamar walƙiya. Minti ashirin bai cika ba ya gama. Ina tsaye a bayansa na ce alhamdu lillahi, an wuce wurin. Ya ce, "Wane wuri? Na gobe na gyara. Na jiya fa?"

Sai a lokacin na gane. Shekara sha tara yana fitar da takardu da W ɗin nan. Suna nan a durowar 'yan kwangila, a kabad ɗin ofisoshi, a bayan kujerar motoci. An yi kwafin wasu, an yi kwafin kwafin. Kuma duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar takarda ya san kusurwa ce ke fara yagewa.

Ƙarshen shekarar ya ajiye aiki. Tun daga nan ba shi da sana'a sai bin takardunsa. Da safe ya sa hula, ya ɗauki jan biro da wani littafi da ya jera sunayen tituna a ciki, ya shiga ofis-ofis yana sallama. Wasu su ba shi kujera, wasu su bar shi a tsaye suna kallonsa kamar mai taɓin hankali. In aka fito masa da takarda, ya bi kowace W ya ƙarasa ta da hannu, U, T, A, ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layin. Ya samo da yawa. Waɗanda bai samo ba ma da yawa, kuma ba wanda ya san a hannun wa suke. Mijina yanzu ba ya tayar da inji sai an nuna masa takarda, amma ba kullum ake da ita a wurin ba, kuma ba kowane injiniya ke son direba ya tambaye shi ba. Inna ta yi magana har ta gaji, ta ce mutum ya tsufa ya ƙi hutawa. Baba ya ce zai huta ranar da littafin ya cika.

Jiya na kai musu yaran, muna cin abincin rana a falo, fanka ta yi 'yar ƙara ta fara rage gudu. Yaran ma sun san abin, suka juya suna kallon Baba. Baba ya ajiye cokali ya miƙe, ya danna lambar, ya kara wayar a kunne. Daga inda nake ina jin ƙararta. Ɗaya. Biyu. Na san ranar a bayan kasuwa su mijina suke haƙa, na kuma san titin na cikin waɗanda ba a yi wa alama a littafin ba. Huɗu. Biyar.

A ta bakwai aka ɗauka.

"Ɗana," ya ce da ƙarfi, yana rarrabe kalmomin, "sa a kunnen dama. Kana jina? Kana ina?"

Na jiyo muryar mijina can ƙasa-ƙasa, yana cewa lafiya lau Baba, hutu suke, yana zaune a gindin bishiya. Baba ya ce to madalla, a kula. Ya kashe wayar ya zauna. Inna ta tura masa kwanon gabansa, bai taɓa ba. Kansa na sama yana kallon fankar, yana jira ta motsa.